Shekarar da Fuskoki Suka Koma Kore

Abin da zan faɗa ya faru ne a shekara ta uku bayan rasuwar maigidana, ina zaune ni kaɗai a gidanmu na Tudun Wada. 'Ya'yana mata kowace tana ɗakinta. Namiji guda Allah ya bar mini, ma'aikaci ne, yana Hanwa da iyalinsa. Tun ranar sadakar arba'in yake cewa in tattara in koma wurinsa, ni kuwa ina cewa a'a. Da ya matsa, sai muka ƙulla magana: muddin ina gani, ina yi wa kaina komai, ba mai ɗaga ni daga gidan nan. Ran da ido ya gaza, ya zo ya ɗauke ni, ba zan yi musu ba.

Ba a banza na sa ido a maganar ba. Mahaifiyata da makanta ta cika. Nata da fitila ya fara: in an kunna, sai ta ce tana ganin bakan gizo ya zagaye wutar, alhali da rana garau take gani. Shekara biyu aka yi, sai ga shi ana riƙe mata hannu zuwa bayan gida. Na haɗiye wannan abu tun ina budurwa, ya zauna a cikina har na tsufa da shi.

Sana'ata ɗinkin hula. Allura kuwa ba ta da amana, in ta faɗi a tabarma tafin ƙafarka ne zai nemo maka ita. Wani mai gyaran rediyo a bakin layinmu ya ba ni mayen ƙarfe, baƙi, zagayayye kamar waina, wanda ya ciro daga bayan tsohuwar lasifika. In na shafa shi a tabarma, sai allurai su taso su manne masa. Amma maye ne na gaske: ya kama mukulli, ya kama cokali, ya kama almakashi. Na gaji, na ƙulle shi a tsumma, na nema masa wuri mai tsayi. Na ɗora shi a kan talabijin ɗin marigayi, irin mai ƙatuwar ƙeyar nan, na ja mayafin da nake rufe ta da shi a kai.

Aka yi kwanaki ba wuta, har na manta. Ranar da aka kawo, bayan la'asar, na ɗage mayafin daga gaba na kunna in ga labarai. Mai karanta labaran, mutumin da na san fuskarsa shekara da shekaru, ya fito rabin fuskarsa kore shar. A saman kansa launuka sun lanƙwaso layi-layi, ja, shuɗi, kore. Na murza ido. Na fita na wanke fuska na dawo. Yana nan. Na kashe, na zauna a bakin gado, na ce to, ciwon da na gada ya iso.

Wata uku ina ɓoyo. In na ji sallama sai in kashe in rufe, kada a gan ni ina ƙifce-ƙifce. In ba kowa, in kunna, in rufe idon dama, in rufe na hagu, in ga ko abin ya ƙaru. Na sa kwalli, na ɗiga zamzam. Na fara ƙirga takuna daga ɗaki zuwa rijiya, daga rijiya zuwa madafi, ido a rufe, ina koyon makanta tun ba ta zo ba. Na rame. Abinci ya fita kaina. A ƙarshe na ga alkawari kaya ne, na aika a kira mini ɗana, na faɗa masa.

Ya ce, "Inna, gobe mu je asibiti."

Na ce, "Abin da na gani a wurin uwata ba sai likita ya karanta mini ba. Kai dai je ka gyara ɗakin."

Ɗaki guda a gidan suruka ba ya cin kayan shekara arba'in, saboda haka na shiga rabo. Turmi da taɓarya na ba maƙwabciyata ta dama. Randa da manyan tukwane na ba ta hagu. Kaji na ba matar limamin layinmu. Ana karɓa ana share hawaye, ni kuwa ina ta neman gafara gida-gida.

Ana gobe tafiya, da hantsi, malamar da ke haya a gidan da ke kallon namu ta shigo taya ni ɗaure kaya. Kirista ce 'yar Wusasa, tana koyar da kimiyya a wata sakandaren 'yan mata, bakinta ba ya shiru. Akwai wuta. Ta ce bari a gwada talabijin kafin a sa ta a kwali. Kafin in hana, ta danna.

Ta ce, "Kai! Mama, wa ya rina wa bawan Allah nan fuska? Ya koma alayyafo!"

Na ce, "Me kika ce?"

"Kore mana. Tun yaushe take haka?"

Na ce, "Malama, ke ma kina gani?"

Ta dube ni, ta dubi talabijin. Ta yaye mayafin gaba ɗaya, ta ga ƙullin tsumma da allurai tsaye a jikinsa kamar bushiya. Ta ɗaga shi ta kewaya da shi gaban gilashin, launukan suka bi hannunta suna murɗewa. Ta fashe da dariya har ta zauna a kan buhun kayana. Da ta ga ban yi dariya ba, ta tambaye ni ko lafiya. Na ba ta labari duka.

Ta ce, "Wayyo Mama. Da tun farko kin leƙo kin kira ni!"

Sai ta yi mini bayani, ina faɗarsa yadda na riƙe. Ta ce can cikin ƙeyar talabijin akwai abin da ke harbo wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu ɗauke da lantarki, ido ba ya ganinsu. Kowanne da inda aka aike shi a jikin gilashin: wani ya sauka a ɗigon ja, wani a kore, wani a shuɗi, a haka hoto ke haɗuwa. In mayen ƙarfe na kusa, sai ɗan aiken ja ya sauka a gidan kore.

Na ce, "Jawo su yake yi kamar allura?"

Ta ce, "A'a, nan ne abin mamakin. Ba ya jawo su, ba ya korar su. Karkatar da su yake gefe suna cikin gudu, hanyarsu ta lanƙwashe. In ya yi ƙarfi sosai ma, zagaye za su yi ta yi kamar akuya a turke."

Ta kai ƙullin tsakar gida, ta kashe talabijin, ta ce a bar ta ta huce. Muka sha fura. Da ta sake kunnawa, fuskar mutum ta dawo fuskar mutum.

Washegari ɗana ya iso da motar kaya. Na faɗa masa a tsaye a zaure. 

Ya ce, "Inna, an yi wa ɗaki fenti. An sa fanka. Yara har sun yi rigimar wanda zai kwana da ke."

Na ce, "A kan me muka ƙulla magana? A kan ido muka ƙulla."

Ya leƙa tsakar gida, ba turmi, ba randa, ba kaza ko ɗaya. Ya ce, "To da me za ki zauna?"

Na ce, "Da idona."

Ya sallami mai mota, amma ya ce sai na ga likita. Na je. Likita ya haska, ya ce tsufa ne kawai, ya ba ni tabarau na zura zare.

Ba maƙwabciyar da ba ta zo ta ce in karɓi kayana ba. Ban karɓa ba. Abin da ka bayar da hawaye, aka yi maka addu'a a kansa, ba ka miƙa hannu ka amsa. Sati biyu na yi ina kwance buhuna ni kaɗai, ina hutawa tsakanin ƙulli da ƙulli, ina sake gaisawa da mutanen da na riga na yi wa ban kwana.

Har yau ina gidan. In zan daka yaji, sai in ɗauki mayafi in shiga gidan dama, in yi sallama, a gaisa, a tambayi kwanan yara, sannan in ce ko turmi na kusa. Matar takan ce, "Haba Inna, ai naki ne." Ni kuwa in ce aro na zo, in na gama zan dawo da shi.