Inda Kaset Ya Tsinke

Duk sanda 'yata ta buɗe kwalbar jan farce, ni ba kwalliya nake tunawa ba, kaset nake tunawa. Kada ka yi dariya tukuna. A gidanmu na Umbadda, a ƙasar Nilu da ke kan tsohuwar hanyar Makka, da jan farce ake ɗinke waƙa.

Kaset ɗaya ne a gidan da ake yi wa kallon ɗan gida. Wani maniyyaci daga ƙasar Hausa ne ya bar wa Kaka shi, ladar makwanni da ya yi yana kwana a rumfarmu. Wani tsoho ne ke waƙa a ciki da gurminsa, ba mu san sunansa ba, ba mu taɓa tambaya ba. Da hantsi Inna za ta zauna gaban doka, kaskon da take shafa kisra, siririyar wainar dawa, ta kai kasuwa, Kaka kuma tana kan gadon igiya tana soya gahawa, rikoda a tsakaninsu. Hayaƙi, tsamin ƙullu da muryar tsohon nan, da su na girma.

Wata damina rikodar ta cinye zaren. Na yi kuka kamar an yi mutuwa. Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ba ta yarda abu ya fi ƙarfinta, ta zaro shi da tsinke, ta datse wurin da ya cukurkuɗe da reza, ta haɗa bakin biyu da jan farcenta, ta naɗe da biro. Waƙa ta dawo, sai dai ta dawo da giɓi. A tsakiya sai ka ji shiru kamar numfashi uku, sannan tsoho ya faɗo can gaba.

Kaka ba ta son shiru. Ranar farko da giɓin ya zo, ta cike shi da nata: "Mun taso za mu Makka, auduga ta riƙe mana zane." Labarinta ne kaf a baiti ɗaya. Da ƙafa iyayenta suka taso da ita, guzuri ya ƙare a gonakin Jazira, aka tsaya tsinkar auduga na shekara ɗaya, shekarar da har yau ba ta cika ba. Daga nan ya zama doka. In giɓi ya zo, sai an cike. Ni har na yi aure ina jin kamar haka mawaƙin ya tsara abarsa.

Kaka ta rasu kafin yaƙi, Allah ya hutar da ita ganin abin da muka gani. Da wuta ta kama gari na tsere Masar da yarana. Inna ta bi Yaya zuwa ƙauye, da ƙura ta lafa suka koma suka tarar da gida ba ƙofa, ba gado, ba rikoda. Yaya ya ce mini a waya tun ranar Inna ta daina hira. Tana sallah, tana cin abin da aka ba ta, amma dokar kisra ko zancenta ba ta yi. In ka tambaye ta, "Lafiya" kawai. Wannan ya fi asarar kaya yi mini ciwo, don Inna mace ce da ko kaza ta gifta sai ta yi mata magana.

A can Masar 'yata ta sa mini manhajar jin waƙoƙi a waya. Wata rana ina laluben tsofaffin waƙoƙin gurmi, sai ga muryar tsohonmu, tas, ba ƙarar zare. Na zauna a ƙasa. Na jira giɓi, babu giɓi. Ashe abin da reza ta datse yabon wani falken goro ne da yawan jakunansa! Shekara da shekaru ina girmama wurin nan, ashe jakuna ne. Na yi dariya har da hawaye, na kira Yaya na ce ya gaya wa Inna ina tafe mata da waƙar Kaka.

Da muka iso Umbadda ban ko kwance kaya ba. Na zauna kusa da ita a tabarma, na buɗe waya. Sunan waƙar ya koma toka-toka, na danna, ya ƙi. 'Yata ta karɓa ta duba, ta ce da Larabcinta, wai ba a yarda a saurare ta a ƙasar nan ba. Ka ji fa. Waƙar da ta shekara talatin a tsakar gidan nan, yau ita ce ba ta da izinin shiga. Muka kashe muka kunna, Yaya ya hau katanga neman sabis, duk a banza. Inna ta dube ni, ta dubi wayar, ta mai da ido ƙasa. Kunya ta rufe ni, na yi alkawari na zo hannu rabbana.

Ni ba ni da murya, kowa ya sani, Gwaggo takan ce in na yi waƙa tinkiya na amsawa. Amma na ajiye wayar na fara, ina buga cinya a madadin gurmi. Na bi baiti-baiti har na iso wurin. Ta manhaja na sani, da jakunanta, amma bakina bai saba da su ba. Sai na yi shiru yadda kaset ke yi.

Numfashi ɗaya. Biyu.

"Mun taso za mu Makka," in ji Inna, muryarta a dushe, "auduga ta riƙe mana zane."

Ta share ido da bakin mayafi, ta harare ni.

"Ya bitti, ɗiyata, kin ja shi da yawa. Ba haka tsohon yake yi ba. Sake daga farko."

Na sake sau huɗu, tana gyara mini kowane sau. Washegari ta aiki Yaya ya nemo mata sabuwar dokar kisra.

Yanzu waƙoƙi sun fi yashin Nilu yawa a cikin waya, amma wani can da ba mu sani ba ke riƙe da makullin. Tamu har yau toka-toka take, ban kuma goge ta ba. Mun naɗi wata waƙar da kanmu a waya, ni da muguwar muryata da ƙarar dokar Inna a baya, kuma da gangan muka bar giɓin. Jiya da hantsi na kunna ta ina wanki. Da shirun ya zo Inna tana bayi, ni kuma bakina da igiyar shanya. Sai na ji daga ɗaki, da Hausar nan tata mai karkata, 'yata ta cike.