Kawu da turakun cikin teku

"Kai direba, ga gari can a gabanmu, me kake zagaye?"

Kawuna ne ya faɗi haka, muna cikin ƙaramin jirgin ruwa za mu koma unguwar Deira, ga lokacin sallar Juma'a ya matso. Ya zo Dubai ganin likita ne, na ce bari ya sha iskar teku. Tsohon direban babbar mota ne, bai iya zama a bayan wani ya yi shiru ba.

Mai tuƙin, wani ɗan zangon Kumasi, ya nuna masa turakun ƙarfe da aka kakkafa cikin ruwa, wasu jajaye, wasu koraye.

"Baba, hanyar tana tsakaninsu. Wajensu yashi ne."

Kawu ya yi tsaki. Ba mu yi nisa ba sai ga wani jirgi ya kafe a bayan jan turke, mai shi yana tsaye a gefe, ruwa iya gwiwarsa.

Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Haka muke bin gangunan da aka jera cikin sahara don nuna hanyar Agadas. Wanda ya bar su, sai dai a tsinci motarsa."

Mun rasa huɗuba, amma bai sake cewa a yi sauri ba.

Ni dai abin da na lura shi ne, ruwan da ya riƙe wancan jirgin da wanda muka bi duk launinsu ɗaya. Ku a hanyarku, wace alama kuke bi?