Ƙwallon da Nicanor Ya Ɓoye

A garin Consuelo mai gonakin rake aka haifi Nicanor Peguero, bahago, dogo, ga shi ba gudu. Irinsa a besbol, wasan dukan ƙwallo da sanda, wuri ɗaya gare shi, tsaron zangon farko, inda wanda ya doki ƙwallo ke fara rugawa ya tsaya. Shekara takwas ya yi a ƙananan ƙungiyoyin Amurka bai taɓa leƙa babbar gasa ba, ya dawo mana da gwiwa ɗaya mai lafiya. Ni nake ja wa ƙungiyarsu ta nan gida mota, kuma ba a raina shi a gabana.

Da ya kai shekara talatin da takwas, wayo kaɗai ya rage masa. Mai jifa zai wurgo masa ƙwallo, ya yi kamar ya mayar, alhali tana cikin safar hannunsa. Ɗan gudu na ɗaga ƙafa daga zango sai ya taɓa shi da ita, shi ke nan ɗan gudun ya fita. Ba doka aka karya ba, amma wanda aka yi wa haka har kasuwa ake bin sa da dariya.

Wata Lahadi koci Don Anacleto ya ce masa, "Tsoho, in muka faɗi yau, ka nemi wata sana'ar."

Zagayen ƙarshe muna gaba da ci ɗaya, saura mutum ɗaya mu fitar. Wa zai iso zangon farko in ba Wilfrido ba, ɗan ƙanwarsa da ke buga wa abokan karawarmu. Ga Amurkawa biyu masu neman 'yan wasa a rumfa da littattafansu, takanas suka zo ganin Wilfrido.

"Kawu, ya gwiwa? A kawo kujera?"

"Rufe min baki, mai tumbin ayaba."

Haka ake yi a zangon farko, zolaya da ƙarairayi. Mai jifa ya wurgo, Wilfrido ya faɗa kan zango da ciki ya tsira. Nicanor ya kaɗa hannu kamar ya mayar da ƙwallo. Daga benci na ga ƙwallon ba ta bar safar ba. Koci ma ya gani.

Wilfrido ya miƙe yana kakkaɓe wando. Na ga bakin Nicanor ya motsa, na ga Wilfrido ya yi dariya ya girgiza kai. Ya ɗaga ƙafa, taku ɗaya, taku biyu.

Nicanor ya taɓa shi a baya.

Fili ya kaure da ihu, mun ci wasa. Amurkawan suka rufe littattafansu suka tashi, Wilfrido yana tsaye a inda yake da hula a hannu.

A mota kowa na ta waƙa. Nicanor ya zauna a bayana.

"Na ce masa kar ya motsa, ƙwallo tana hannuna. Ya ce na tsufa da ƙarya. Ka ji lokacin da na faɗa, ko? Za ka gaya wa uwarsa?"

Daga benci ba a jin komai. Na ce masa na ji.