Yoyon Ƙwaƙwalwa da Panon Yayana

Lokacin da nake kula da kwamfutar wani ƙaramin gidan rediyo a Magariya, ɗauke wuta ne ya daɗe yana rufa mana asiri. Manhajar da ke jera shirye-shiryenmu ɗan darakta ne ya ɗauko ta daga tsarin waya ya daidaita ta da kwamfuta. Tana aiki lafiya lau, don ba ta taɓa yin wuni guda a kunne ba.

Sai aka kira yayana, mai haɗa pano na hasken rana, ya sa mana. Wuta ta zauna daram. Daga nan kullum da la'asar sai kwamfuta ta sandare, rediyo ya yi tsit ana tsakiyar gaisuwa.

Darakta bai tsaya bincike ba. Ya shiga ɗakin watsa shiri ya ba masu saurare haƙuri, ya ce wani ɗan koyo ne ya haɗa musu wutar banza. Har garin Mallawa kowa ya san yayana ake nufi. Waɗanda suka yi wa yayana alkawarin aiki suka daina ɗaga wayarsa.

Raina ya ɓaci, na zauna na bi manhajar layi-layi. Duk sautin da za ta kunna sai ta ari wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, wuri mai tsari na musamman da injin yake so. Yadda ake mayar da irin wannan aro a waya daban ne da na kwamfuta. Da layin mayarwar ya ƙi yi wa ɗan darakta aiki a kwamfuta, sai kawai ya goge shi. Tana ta ara ba ta mayarwa, har ƙwaƙwalwa ta cika.

Na nuna wa darakta, har da gyaran. Ya yi murmushi.

"Ka yi ƙoƙari. Amma a bar shi sai an cire panon yayanka."

"Yallaɓai, wannan ai zalunci ne!" na ce.

"Ɗana kake so in tozarta?"

Ranar da wani ya kafa sabon pano, ranar ɗan darakta ya sa gyaran da na rubuta. Rediyo bai ƙara yin shiru ba.

Na same yayana a zaure yana jin rediyon, la'asar ta wuce. Na sake yi masa bayani daga farko, cewa matsalar daga manhaja take, ba daga panonsa ba.

"Ƙanena, bar lallashina," ya ce. "Ga shi nan yana ta magana. Laifin hannuna ne."