Ranar da Na Kushe Keken Inna

Shekarun baya, lokacin da jita-jitar makuri ta cika gari, na sha kallon banza a Gwandu. Waɗanda suka daɗe suna bibiyata sun san ciwona: tara tsofaffin kekunan ɗinki. Ba na ɗinki, ko maɓalli ya cire sai na kai wa tela. Ni dai in ga tsohon keke mai baƙin fenti da zanen ruwan zinari, in goge shi, in juya hannun in ji ƙararsa, shi ke nan na ƙoshi. Uwargida ta daɗe da sallama ni.

Sai aka wayi gari ana cewa wai a cikin tsofaffin kekuna akwai wani jan ruwa, makuri, wanda Turawa ke nema ido rufe. Gwajin ma mai sauƙi ne: ka kara waya kusa da allura, in sabis ya ɗauke, to akwai. A ƙauyukan da sabis ke ɗaukewa ko akuya ta gifta! Mutane suka dinga fasa kekunan iyayensu da guduma. Ni kuwa na zama abin zargi, wai dama na san sirrin tuntuni na yi shiru.

Ana cikin haka abokina, wani dillalin shanu, ya ce akwai wata tsohuwa a Wurogauri mai keken hannu, ɗanta yana son in je in duba. Ban yarda da shi ba, don bai taɓa damuwa da ƙarafuna ba sai ranar. Shi ma na lura bai yarda da ni ba. Haka muka hau mota zuwa Kalgo, muka ƙarasa a mashin, kowa na satar kallon ɗan'uwansa.

Muka tarar da tsohuwar, Inna, a rumfa tana yi wa wata mata facin zane. Da na ga keken, sai da na haɗiye yawu. Irin mai dogon gidan zare ne kamar ɗan kwalekwale, mai kai da komo, ba mai zagaye irin na yanzu ba. Zanen furannin jikinsa bai goge ba sai daidai inda hannunta ke dafawa. Akwatin katakonsa na asali ne. Na daɗe ina neman irinsa, a hoto kawai na taɓa gani.

Ɗan nata, magidanci ne da furfurarsa, yana tsaye da waya a hannu. A gefen turmi kuma na hango guduma.

"Malam, an ce kai ka san su," in ji shi. "Shina da abin ko ba shi da shi?"

Na ce masa babu wani ruwa a cikin kowane keke, ƙarfe ne da mai. Ya yi murmushin da ke nuna haka dama ya zata zan ce.

Inna ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Na hwaɗa mai tun jiya. Da shi na ciyar da shi, yanzu shi ka son hwasa shi."

"Inna, ki bari mu ji." Ya juyo gare ni. "To tunda babu komai, ɗauki abinka, Malam. Kyauta. Sai in samo mata sabo."

Wallahi hannuna har ya fara miƙewa. Sai na ga ba keken yake kallo ba, fuskata yake karanta, abokina ma haka. Nan na gane tarko ne. In na karɓa, ko na nuna ina so, ya samu shaidar da yake nema: mutum ba zai taso tun daga Gwandu don ƙarfen banza ba. Zai ce ya fasa bayarwa, kuma kafin mu kai titi guduma ta sauka.

Sai na taɓe baki. Na ƙwanƙwasa keken da ɗan yatsa kamar mai sayen kankana, na ce haƙoransa sun cinye, allurarsa ba a samunta ko a Birnin Kebbi, fentin ya tashi. Na ce ko dako aka biya ni ba zan ɗauka ba, ɗakina ba bola ba ne. Har na juya na yi wa abokina faɗa a kan ya ɓata mini rana.

Ɗan ya yi tsaki ya sa waya a aljihu. Ya ɗauki gudumarsa ya shige ciki, yana cewa dama ya san ba su da irin wannan sa'ar.

Abin da ban shirya masa ba shi ne Inna. Ta tsayar da ɗinki, ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Ɗana, mi yai maka? In ba ka so, ba sai ka tahi ba?"

Ta jawo gefen zanenta ta goge wurin da na ƙwanƙwasa. Na yi mata sallama, ta kau da kai ta ci gaba da ɗinkinta. Raina ya ɓaci sosai a hanya, kuma babu wanda zan faɗa wa, don abokina dillali ne, bakinsa ba ya riƙe magana.

Ban sake komawa ba, don komawata kaɗai ta isa ta tayar da zancen. Daga baya jita-jitar ta mutu, ta bar gidaje da tarin fasassun ƙarafa. Abin da na koya shi ne, wanda ya riga ya zarge ka ba ya jin bakinka, idonka yake saurare. Ni da nake taƙama da iya gane keke, ranar da na fi amfani ita ce ranar da na yi kamar ban gane ba.

Bara abokina ya bi ta ƙauyen wajen sayen shanu. Ya ce keken na nan, jikarta ce ke juyawa yanzu, Inna na gefe tana ba da umarni. Kuma duk macen da ta kawo faci sai ta ji labarin wani malami marar tarbiyya daga Gwandu. Yanzu kam ya san dalilin da na kushe keken, amma na ce masa ya bar ta, kada ya gyara mata ko kalma ɗaya.