Kartar Kawuna ta Geceme

Ni dai ciwona tsohuwar karta. Ba na caca, tara ta nake yi. Matata ta ce in na ji labarin wata, ko tuwo ba na iya gamawa, kuma gaskiyarta ne. Ina da 'yan Faransa masu kauri, waɗanda suka sauka Kotonu a jirgin ruwa suka hauro ta Gaya cikin kayan kanti. Ina da waɗanda 'yan kasuwa suka shigo da su daga Najeriya. Na Sin na roba kuwa, da suka cika kasuwar Dogon Dutsi yanzu, ko kyauta ba na so.

Wata rana aka ce mini kawuna na Geceme, wanda ya makance, yana da irin ta farko, tun ta zamanin Nasara, har da hatimi a jikin ɗaya. Haba! Na kasa zaune na kasa tsaye. Na rufe shago, na sayi sabuwa ta roba don musaya, na hau kabu-kabu, ina ta yi wa mai moto faɗa wai ba ya gudu.

Na tarar da shi gindin iccen bedi da abokansa, yana raba karta. Ta yi baƙi, ta yi laushi kamar tsumma. Ashe da yatsa yake gane kowace: wannan kunnenta ya karye, waccan gara ta taɓa ta. Abokan ma duk sun san alamun, kowa ya san abin da ke hannun kowa, amma suna ta musu da rantsuwa.

Na gaishe shi, na miƙa masa sabuwar.

Ya shafa ɗaya, ya shafa ta biyu, ya juya ta.

"Ɗan nan, mi kaka son in yi da wagga? Duk ɗaya suke. In ka ɗauki tawa, na tashi daga tabarmar ga ke nan." Sai ya yi dariya. "Yi haƙuri kaɗan. Ran da na mutu, taka ce."

Na koma gida hannu wofi, raina a dagule. Wallahi har yau ina son kartar nan, son bai ragu ba. Shi ya sa in waya ta yi ƙara na ga lambar Geceme ce, sai in miƙa wa matata ta amsa, don in labarin mutuwarsa ne ban san yadda muryata za ta fita ba.