Kawu Tofazzal da Ginshiƙi na Sha Bakwai

A gidanmu na Barisal ba a ambaton Kawu Tofazzal a kan tabarmar cin abinci. Ƙanin mahaifiyata ne. Shekara ashirin da shida ya yi yana gwada ginshiƙan kankare da ake zubawa cikin ƙasa kafin a ɗora gini. Yakan bugi kan ginshiƙi da ƙaramar guduma, na'urarsa ta zana masa amon da ya dawo. In amon ya dawo da wuri, to akwai ɓaraka a ciki.

Babana, Enamul, shi ne shugaban leburori a ginin wata mafakar guguwa a bakin kogi. Watan azumi ne. Ana tsakiyar zuba ginshiƙi na sha bakwai aka kira magariba. Leburori suka zare bututun zubi suka wanke kada kankare ya daskare a ciki, suka zauna shan ruwa. Kafin su mayar da bututun, laka ta kwanta a ramin, suka binne ta da kankare ba su sani ba.

Bayan ƙaramar salla aka turo Kawu. Leburori na tsaye, ya buga sau biyar, sannan ya dubi Baba.

"Yaya, mita ashirin kuka rubuta. Ni a tara nake jin ƙarshensa."

"Akwatin naka mura yake yi," in ji Baba. "Sake bugawa."

"Ko wuni zan yi, haka ne. Kun cire bututu ana zubi?"

"Kai da ka ci shinkafata shekara uku kana makaranta, yau ni za ka koya wa kankare?"

"Mutum ɗari biyar za su hau nan in ruwa ya taso, Yaya."

"Rubuta lafiya lau ka kama gabanka, malam mai guduma."

Bai rubuta ba. Aka huda ginshiƙin, aka zaro laka kamu biyu. Aka sallami Baba, ba wanda ya sake ɗaukarsa aikin gini. Tuƙin kwale-kwalen haya ya koma har ƙarfinsa ya ƙare.

Da babbar salla Kawu ya zo da ƙaton kifi. Mahaifiyata ta karɓa a bakin ƙofa, Baba ya fizge ya jefa kududdufi. Kawu bai taɓa ba da haƙuri ba. Na san gaskiyarsa ce. Amma ai yana iya jan Baba gefe ya yi masa tambayar bututun nan, ba a gaban leburori ba, wannan kam har yau ban yafe masa ba.

Da Kawu ya rasu bara, Baba ya bi jana'iza, ya tsaya a sahun ƙarshe, ya dawo gida kafin a rufe kabari.